Ruwan Zafin Motar Ƙanena

Shekarun baya, tun ina da haƙoran tauna aya, wani abu ya faru da ni a kan hanyar Pambeguwa, wanda har yau in na ga ruwa yana tururi sai ya faɗo mini a rai. Ni ban yi boko ba, ku sani. Ƴata ce ke riƙe da wayar, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito. To ku gyara zama.

Mu biyu Innarmu ta bari a duniya, ni da ƙanena. An haife mu a Kusfa, cikin birnin Zariya, a wani gida mai rijiya a gindin bishiyar lemun tsami. Ruwan rijiyar nan zartsi ne, gishiri-gishiri. Baƙo in ya kurɓa sai ya yamutsa fuska, amma mu da muka tashi da shi, kowane ruwa salam muke jin sa. Ƙanen nawa Auta muke ce masa. Yana ɗan shekara bakwai gyambo ya kama masa ƙafa. Aka yi na gida har aka gaji, sai Babanmu ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi asibiti a Wusasa. Jinya ta yi tsawo, wasu danginmu na nesa da ke zaune can, masu zuwa coci, suka riƙe shi, suka sa shi a makaranta. Ƙafa ta warke, yaro bai dawo ba. Da ya girma ya bi addinin waɗanda suka riƙe shi, ya koyi gyaran mota, ya yi aure a can.

Babanmu bai kore shi ba, bai zage shi ba. Abu ɗaya ya yi, ya sa aka ware masa kofin shan ruwa. Wasu suna gadon gona, wasu suna gadon littattafai, ni wannan na gada. Da aka kai ni ɗakin miji a Ƙofar Jatau, cikin kayana akwai kofunan silba guda shida iri ɗaya. Na tsinko jan zare na ɗaura a hannun ɗaya, na ce wannan na Auta ne. Maigidana, Malam, ya gani ya ce mini shi dai a karatun da ya yi bai ga inda aka ce a yi haka ba. Na ce na ji. Ban kwance ba.

In kuwa ni na je Wusasa barka ko gaisuwa, da an kawo mini ruwa sai in ce ina azumi. Azumin ƙaryar da na yi a gidan yaron nan, da na gaske ne, da yanzu ina cikin waliyyai. Matarsa mace ce mai barkwanci, wata rana ta dire mini kwanon ruwa ta ce, “Yaya, mu dai Litinin da Alhamis muka sani. Ke taki Asabar ɗin ma ta azumi ce?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ban sha ba.

Malam ɗinkin hannu yake yi, na manyan riguna, da safe kuma yana karantar da magidanta a zaure. Mutum ne mai tsabta har ana yi masa tsiya da ita, a ce ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya sauka a rigarsa. Kuma tun da na san shi ban taɓa ganin salla ta fita lokacinta a hannunsa ba. Sai Allah ya jarrabe shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Ciwon bai taɓa sa shi kuka ba. Abin da yake tsoro shi ne wani ya gan shi cikin ƙazanta. Ni kaɗai ke gyara shi, in sakaya ƙofa, ko ƴaƴan cikinsa ba sa shiga. Kuma sai da ruwan ɗumi, don in ruwan sanyi ya taɓa shanyayyen ɓarin nan sai jijiyoyin su ƙandare, ya yi ta makyarkyata kamar ana zare masa rai. Saboda haka tukunyata ba ta sauka daga murhu.

Ana nan cikin marka, sai ga saƙo daga yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tana wani ƙauye can ƙasar Lere, ta tsufa, idanu sun tafi. Ta ce a gaya masa in bai zo ta ji muryarsa ba, to sai dai a lahira. Malam ya ƙi cin abinci kwana biyu. Mutumin da ba ya iya zama, wace motar haya ce za ta ɗauke shi?

Labari ya kai Wusasa. Washegari sai ga Auta ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki, ya ce shi zai kai Malam. Yana da wata tsohuwar mota da ya saya hannun wani Bature mai binciken tsirrai a Samaru, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ku yaran yanzu waya kuke kira tafi-da-gidanka. Ni na ga tafi-da-gidanka na gaskiya. Mota ce, amma a cikinta akwai gado, akwai ɗan teburi, akwai taga da labule, har da famfo da wurin wanke hannu. Risho ne kawai babu, an cire tun kafin ya saya. Na so in yi gardama, Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya, na haƙura. Ya kuma nuna ba ya son rakiya, daga ni sai Auta.

Ranar tafiya Auta ya ɗan makara, sai da hantsi ya iso, wandonsa jiƙe har gwiwa. Na ɗauka ruwan sama ne ya taɓa shi. Ina fito da kaya na gan shi ya buɗe gaban motar yana ɗura mata wani ruwa daga galan, kore shar kamar an jiƙa shuni da ganye. Na tambaye shi menene wannan, ya ce ruwan lagireto ne, shi ke zagaya inji yana kwashe masa zafi. Da muka kwantar da Malam a gadon, sai Auta ya nuna mini famfon nan yana murmushi, ya ce in an yi tafiya mai nisa ruwan zafi yake bayarwa, ba itace ba gawayi, ruwan injin ne ke dumama shi. Ni kuwa na ɗauki maganar farko da ta biyu na ƙulla su wuri ɗaya, na ce a raina, wato koren ruwan nan ne ke fitowa ta famfo. Allah ya tsare ni. Na rungume filas ɗina da ƴar jarkata, na zauna a gefen Malam.

Tafiya ta yi kyau har muka wuce Pambeguwa. Mun yi azahar a hanya, na yi wa Malam alwala da ruwan filas. Daga nan muka saki kwalta muka kama jar hanya, ruwa ya sauko, mota ta riƙa faɗawa rami tana fita. A wani rami filas ya kuɓuce mini ya bugi ƙarfen gado, na ji kwalbar ciki ta tarwatse. Ban gama jimamin wannan ba, sai na ga Malam ya juya fuskarsa ga bangon mota, hawaye yana bin gefen idonsa. Shekara arba'in muna tare, ban buƙaci a gaya mini ba. Girgizar hanya ta motsa masa ciki, abin da yake gudu ya same shi.

Auta bai waiwayo ba. Ya gangara gindin wata ɗorawa ya tsaya, ya ɗan zuge gilashi, ya ce bari ya duba taya. Tayar lafiyarta ƙalau. Kara ce ya yi wa surukinsa.

Na tsaya ina lissafin halin da muke ciki. La'asar ta shiga. Saura tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba mu isa ƙauyen, inda dangi za su yanyame mota kowa yana son ya ɗauki Malam da hannunsa. Ruwan jarkata ya yi sanyi ƙarara, kuma ko da mai ɗumi ne ba zai isa ba. Na leƙa na ce wa Auta ya nemo mini itace. Bai yi musu ba, ya shiga daji cikin yayyafi ya tattaro ƙirare, ya haɗa duwatsu uku. Ya ƙyasta ashana ya ƙyasta, har kwalin ya kusa ƙarewa, ba abin da ke tashi sai hayaƙi. Itacen marka ba ya jin lallashi.

Sai ya zo bakin ƙofa, kansa a sunkuye, ya ce, “Yaya, ga ruwan zafi nan a famfo. Murɗawa kawai za ki yi.”

Na ce, “Da ruwan inji zan wanke malami? Ruwan da na gani da idona kore? Ko ba ka bar komai a kanka ba na abin da aka koya mana, ai ka san ruwan da launinsa ya sauya ba ya tsarki.”

Maganar ta yi nauyi, na sani tun tana bakina. Ya haɗiye ta. Ya yi mini bayani a hankali, ya ce tanki ne na ruwa mai kyau a ƙarƙashin gadon, sai aka bi da bututun jan ƙarfe ta cikinsa, a nannaɗe kamar gammo. Koren ruwan yana shiga bututun da zafinsa, ya zagaya, ya koma inji abinsa. Ni duk ban gane ba, kuma gaskiya ban so in gane ba. Da ya ga haka sai ya sake hanya. Ya tambaye ni, in man shanu ya daskare mini a kwalba, ya nake yi? Na ce ina tsoma kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi. Ya ce to, ruwan yana shiga man? Na ce a'a. Ya ce man yana narkewa? Na ce yana narkewa.

Ya ce, “Shi ke nan, Yaya. Kowa da hanyarsa. Ba sa haɗuwa. Zafin kaɗai ke ƙetarawa.”

Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Don in zan faɗa muku gaskiya, ba koren ruwan kaɗai ba ne. Ko da fari ne tas, ai daga gidansa ya ɗebo shi. Jan zaren nan da na ɗaura a kofi, ashe ba a kofi kaɗai yake ba. Ina tsaye da tsumma a hannu, mijina yana kwance cikin abin da ya fi tsana a duniya, gari yana ta lumshewa, ni kuwa ina ta kare tsarki.

Sai na ji Malam yana yunƙurin magana. Na sunkuya na kai kunne. Bai juyo da fuskarsa ba. Kalma uku ya fitar, kowace sai da ya huta kafin ta gaba.

“Duba. Shinshina. Ɗanɗana.”

Karatun da na sha ji yana yi wa magidanta a zaure ke nan, ina tsakar gida ina tankaɗe. Ruwa da abu uku ake gane shi, launi da ƙamshi da ɗanɗano. In ba wanda ya sauya, ruwa yana nan a ruwansa, ko daga ina ya fito. Ba ni da sauran mafaka. Na ɗauki kofi na murɗa famfon. Ruwa ya zubo yana tururi, ni da gaggawata na tsoma yatsa, ya kuwa gasa ni, na yarfe hannu kamar yarinya. Auta ya ce in surka, injin ya daɗe yana aiki. Na surka da na jarkata kaɗan, na ɗaga kofin wajen hasken taga. Fari tas, ina ganin gindin kofi. Na kai hanci, ba warin mai, ba warin ƙarfe. Sai na tsiyayar, na tari wani zalla, na hura shi har ya huce, na yi bisimilla na kurɓa.

Zartsi.

Na sake kurɓa, don na ɗauka bakina ne ke mini gizo. Gishiri-gishirin nan ne, wanda ke kama gefen harshe ya ɗan tsaya. Ruwan da aka yi mini wankan jariri da shi. Ruwan da Innarmu ke jiƙa mana tsamiya da shi. A duk faɗin duniya rijiya ɗaya ce ke da wannan ɗanɗanon, kuma na baro ta a Kusfa.

Na dubi Auta. Na dubi wandon nan da ya zo da shi a jiƙe tun da safe.

Ya ce, “Gidan Inna na biya, shi ya sa na makara. Na juye na tankin, na ɗauraye shi sau uku, na ja wannan da guga. Na san ba za ki taɓa na gidana ba.”

Ba da gori ya faɗa ba. Kamar mai ba da labarin an yi ruwa jiya haka ya faɗe shi. Mutum mai furfura a gemu, mai tabon gyambo a ƙafa, ya tsaya a bakin rijiyar gidan da aka ware masa kofi, yana jan guga yana kaiwa mota a ƙofar gida, sawu bayan sawu, don kada yayarsa ta rasa ruwan da za ta yarda da shi. Ni kuma ga abin da na gaya masa ɗazu. Na ajiye kofin. Lokaci ma ba na magana ba ne.

Na ja labule, na tara ruwa a roba na surka shi daidai jiki. Amma gadon motar matsattse ne, ba zan iya juya Malam ni kaɗai ba. Na gwada, na sake gwadawa, ƙarfina ya ƙare. Sai Malam ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ƙwanƙwasa jikin mota sau biyu. Mutumin da bai yarda ɗan cikinsa ya gan shi ba, shi ya kira Auta. Auta ya shigo da baya, ya runtse ido, ya juya fuskarsa ga rufin mota, ya tallafo Malam a ƙirjinsa kamar jariri. Haka ya riƙe shi, ido a rufe, har na gama. Na wanke mijina tas, na wanke shimfiɗar roba, na sake masa wando da farar riga, wadda ya ɗinka da hannunsa tun yana da lafiya. Ruwa bai yanke ba, jijiya ko ɗaya ba ta ƙandare ba. Na tara wani na yi masa alwala, gaɓa bayan gaɓa, yana motsa leɓe.

Saura alƙibla. Yadda gadon yake, Malam yamma yake kallo, ga shi ba dama a sake jijjiga shi. Kafin in roƙi Auta, sai na ji an ta da mota. Auta ya yi gaba, ya yi baya, ya murza sitiyari, yana leƙen inda hadari ya ɗan yage rana ta leƙo, har ya juya motar nan gaba ɗaya, fuskar Malam ta dubi gabas. Sannan ya kashe inji ya fita. Ashe bai manta ba. Malam ya yi sallarsa a kishingiɗe, da nuni, rana ba ta kai ga yin fatsi-fatsi ba. Ni ma na yi alwala da ruwan nan na yi tawa a ɗan filin da ke tsakanin gado da ƙofa. Da na sallame na ɗaga labule, sai na hango ƙanena tsaye a gindin ɗorawa, yayyafi yana sauka a kansa, ya harɗe hannu a baya, yana gadin hanya.

Mun isa ƙauyen kafin magariba. Aka taru kamar yadda na zata, aka ɗauki Malam aka kai shi gaban yayarsa. Tsohuwar ta lalubo fuskarsa, ta shafa gemunsa, ta gangaro ta murza wuyan rigarsa tsakanin yatsu, ta kai hanci. Sai ta yi dariya da bakinta marar haƙori ta ce, “Har yau ɗan ƙwalisar nan ne. Ciwo ma bai iya ɓata ka ba.” Malam ya dube ni, ya dubi Auta da ke can bakin ƙofa. Ba wanda ya san abin da kallon yake nufi sai mu uku, kuma ba wanda ya ji wannan labarin daga bakina sai bayan ƙasa ta rufe idon Malam.

Bai kai wata daminar ba, Allah ya ji ƙansa. Yayar tasa ma ta riga shi da wata biyu. Sun dai gana, sun yafi juna.

Bayan mun dawo daga tafiyar da kwana uku Auta ya zo duba jikin Malam. Kafin ya iso na sa almakashi na datse jan zaren nan, na cusa kofin cikin ƴan'uwansa, na juya su na sake juyawa har ni kaina na kasa gane wanne ne. Da ya zauna na ɗebo ruwa na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya kofin yana duba hannunsa, sai ya miƙo mini a hankali.

Ya ce, “Yaya, kin yi kuskure. Wannan na mutanen gida ne.”

Ashe duk shekarun nan yana gani. Bai taɓa nunawa ba, karɓa yake ya sha ya yi godiya.

Na ce, “Sha, Auta.”

Ya sha. Ya bar saura, na karɓa na shanye a gabansa. Asabar ɗin da ta biyo na je Wusasa, matarsa ta dire mini ruwa tana shirin tsokana, na ɗaga kwanon na kafa kai. Ta riƙe haɓa ta ce yau an ga watan Sallah ke nan.

Motar tana nan har yau a bayan gidan Auta, ba taya, kaji suna ƙwai a kan gadon. Shi ma ya tsufa, da sanda yake tafiya. Yana nan a kan addininsa, ina nan a kan nawa, ban fasa yi masa addu'a ba, ya ce shi ma bai fasa yi mini ba. In na tuna ranar nan ba kunyar rashin sanin bututu nake ji ba, ai ba a haifi kowa da sanin inji ba. Kunyar da nake ji ita ce, na shekara arba'in ina tsoron kada ruwansa ya shiga nawa, ban taɓa lura ba cewa duk tsawon lokacin nan ɗuminsa nake ji. Mai gyaran mota ya gaya mini a gindin ɗorawa, kowa da hanyarsa, zafin kaɗai ke ƙetarawa. Shi inji yake nufi. Ni kuwa sai da na ɗanɗana zartsin rijiyar Innarmu sannan na gane.

Kofunan nan saura huɗu yanzu, biyu sun ɓace a hidimar biki. Wataƙila nasa yana cikin waɗanda suka ɓace. Wataƙila kuma shi ne wannan da ke gefena, da nake jiƙa maƙogwaro da shi ina ba ku labari.